Tayar babur na cinyewa ta gefe guda: in sauya taya ko in sauya yaro?

Wani mai sayar da kayan marmari a kasuwar Zuba ya aiko da tambaya: "Ina da babura uku ƙirar Boxer. Biyu suna hannun yara, suna acaɓa tsakanin Zuba da Dei-Dei, suna kawo mini balas kullum. Na ukun shi ke kai wa masu shaguna kaya. Tayar baya ta ɗaya daga cikin na acaɓan tana cinyewa ta gefe guda, ɗaya gefen kuwa zanensa na nan. Ta mai kai kaya kuma tsakiya ce ta suɗe. Kuɗin taya yana cinye mini riba. In koma sayen mai tsada ne, ko in karɓe babur daga hannun yaron?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka yi ko ɗaya tukuna. In ka ɗora sabuwar taya a kan ƙafar da ta karkace, ko nawa ka saye ta haka za ta cinye, kuma ko wa ka bai wa babur ɗin.

Fara da wadda ke ci ta gefe guda. Ka sa a ɗora babur ɗin a kan tsayuwar tsakiya, ka tsuguna a bayansa, ka duba ko ƙafar baya ta yi saiti da ta gaba. Yawanci laifin daga wurin jan sarƙa yake. Noti biyu ne, hagu da dama, kowanne da alamarsa a jikin ƙarfen. Yaron bakanike yana sauri, ya ɗaure ɗaya fiye da ɗaya, shi ke nan ƙafa ta kalli gefe, tana tafiya tana gurzar kwalta. Daga nan ka kama ƙafar da hannu biyu ka girgiza. In tana motsi, boris ya mutu ko bushin ya saki. Ka juya ta a hankali: in tana rawa, rim ya lanƙwashe ko wayoyinsa sun saki. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin tun 2006 da aka hana acaɓa a tsakiyar Abuja, aikin ya koma unguwannin gefe, inda rami ya fi kwalta yawa. Ɗan bambanci kaɗan ta hagu ba komai ba ne, tunda ta dama muke tuƙi kuma titi yana gangarowa gefe. Amma gefe ɗaya sumul, ɗaya da zane, wannan ciwo ne.

Ta mai kai kaya kuwa, ina zargin iska. Yara suna ce wa mai faci ya cika ta tam saboda kwandon lemo, shi kuma ya danna da yatsa ya ce ta yi. Iska in ta yi yawa tsakiya ke ci, in ta yi kaɗan gefuna biyu ke ci, tayar ta yi zafi. Ka sayi gejin iska naka, a riƙa aunawa da safe kafin a fita, bisa adadin da kamfani ya rubuta a littafin babur.

Abin da ya fi damuna shi ne yarjejeniyarka da yaran. In kai ke sayen taya kullum, yaro ba ruwansa da rami. In shi ke saye, zai ja ta har zare ya fito, ko ya samo 'yar gwanjo. Taya suɗaɗɗiya a kan jiƙaƙƙiyar kwalta da damina, ga fasinja a baya, ba ta jin birki. Ranar da ta zame, kuɗin asibiti da zaman babur babu balas za su ninka kuɗin taya sau da yawa, ban da ran ɗan mutane da ke wuyanka.

Don haka kai za ka riƙa sayen tayar da hannunka, amma ba daga aljihu ba. Ka rubuta ranar da aka saka kowace, ka raba kuɗinta da kwanakin da ta yi, abin da ya fito ka riƙa cire shi daga balas kullum kana ajiyewa daban. A nan za ka san ribarka ta gaskiya. Iska da faci su zama na yaro. Ku tsayar da wa'adi, wanda tayarsa ta wuce shi da zanenta, ka yafe masa balas na kwana ɗaya.

Wajen saye kuma, ka duba lambobi huɗu da ke jikin tayar: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Wadda ta daɗe a shago robarta ta bushe, ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Tayar nan mai ci ta gefe guda, a cire ta yau, a gyara saitin ƙafar a gabanka, sannan a ɗora sabuwa.