Tambaya da Amsa: Me ya sa hoton ƙirji bai nuna fashewar babbar jijiyar jini ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu ɗan shekara 64 ne, kuma ya daɗe yana fama da hawan jini. Wani dare ciwon ƙirji ya taso masa farat ɗaya, yana cewa kamar ana yage masa ƙirji har zuwa baya. An yi masa hoton ƙirji aka ce ba a ga abin tashin hankali ba, amma da aka sa shi a na'urar CT sai aka ce babbar jijiyar jininsa ce ta fashe, alhali bai faɗi ba, bai yi hatsari ba. Yaya aka yi hoton farko bai nuna ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Jijiyar da ake magana a kanta ita ce aota, wadda take fitowa daga zuciya ta hau sama, ta lanƙwasa, sannan ta gangara ta gefen hagu na ƙashin baya, kuma faɗinta a babban mutum kusan santimita 3 ne. Ba sai an yi hatsari take fashewa ba. Hawan jinin da ya shekara yana dukan bangonta yakan raunana shi har ta kumbura, ko wani gyambo ya ci bangon daga ciki, ko shimfiɗarta ta ciki ta tsage jini ya kutsa tsakanin bangon.

Hoton ƙirji na yau da kullum inuwa kawai yake nunawa, ba ya nuna bangon jijiya. Abin da muke nema a cikinsa alamu ne na nesa: inuwar tsakiyar ƙirji ta yi faɗi fiye da santimita 8, ko ruwa ya taru a gefen huhun hagu, ko bututun numfashi ya karkata zuwa dama. Idan naman da ke kewaye da jijiyar ya tare jinin na ɗan lokaci, babu ɗaya daga cikin waɗannan da dole sai ya bayyana. Don haka hoton ƙirji mai kyau ba ya wanke mai irin wannan ciwon, kuma likitan da bai tsaya a kan hoton kaɗai ba ya yi daidai.

A na'urar CT ne ake yanke hukunci, kuma sau biyu ake ɗaukar hoton. Na farko ana ɗaukarsa ne kafin a yi allurar ruwan da ke haska jijiyoyin jini a hoto, domin jinin da ya taru ya fara daskarewa ya fi jinin da ke gudana haske, sai a gan shi cikin bangon jijiyar da siffar jinjirin wata, alamar da ruwan allura kan iya ɓoye ta. Daga nan a tura ruwa mai sinadarin aidin ta jijiyar hannu a sake ɗauka, daga wuya har zuwa ƙugu. A nan muke duba ko ruwan ya tsiyaya waje, ko bangon jijiyar na baya ya baje ya kwanta a kan ƙashin baya, wanda ke nufin ta riga ta fashe, ƙashin da naman gefensa ne kawai suke riƙe da jinin. Iyalai sukan ji tsoron wannan allura saboda ƙoda, tsoron kuma yana da tushe, amma a irin wannan hali ba a jinkirta hoton don jiran sakamakon gwajin ƙoda.

Wurin da fashewar take shi ke tsara magani. Idan a ɓangaren da ya hau daga zuciya ne, jini kan zuba cikin jakar da ke lulluɓe da zuciya ya matse ta, kuma sai an buɗe ƙirji an yi tiyata nan take. Idan a ɓangaren da ya gangara ne, jinin ya fi zuba a gefen hagu na ƙirji, kuma sau da yawa ana iya zura wani bututu mai raga ta jijiyar cinya a toshe wurin daga ciki. Marar lafiyar da ya galabaita har ba za a iya motsa shi ba, ana yi masa sikanin zuciya a kan gadonsa, wani lokaci ta hanyar zura na'urar cikin maƙoshi, tunda bututun abinci yana daf da jijiyar. Hoton MRI yana nuna komai dalla-dalla, sai dai yana cin lokacin da ba a da shi.

Haɗarin da ya fi damuna shi ne a ɗauki ciwon a matsayin bugun zuciya a ba da maganin tsinka jini, wanda zai ƙara zubar jinin. Bayan an sallami Baba, zai riƙa komawa ana sake hoton CT lokaci-lokaci tare da riƙe maganin hawan jini ba fashi, ku kuma 'ya'yansa da 'yan uwansa na jini ku tambayi likitansa ko ya kamata a auna faɗin jijiyarku, domin raunin bangon aota yakan bi dangi.