Yadda kayan Damagaram suka riƙa tsallake Kwara

Malam, ka tambayi yadda gyaɗa da fatun Damagaram suke kaiwa teku alhali kogin Kwara ya gitta tsakanin Kano da Legas. Da farko kogin ne kansa hanya. Layin dogon da ya iso Kano a 1911 daga Baro ya taso, wata tasha a bakin Kwara, inda ake sauke kaya cikin jiragen ruwa su gangara ta Lakwaja, mahaɗar Kwara da Binuwai, har bakin teku. Matsalar ita ce da rani ruwa yakan janye, yashi ya fito, manyan jirage su kasa wucewa.

Layin Legas kuwa a Jebba yake cin karo da kogin, kuma kafin a kammala gadar a lokacin yaƙin duniya na farko, fito ake yi da taragu a kan jirgin ruwa. Da aka gama gadar, sai buhun da raƙumi ya ɗauko daga Zinder, babban birnin Damagaram, ya shiga tarago a Kano ya zarce Legas, Baro kuma ta fara dusashewa, abin da nake ganin babbar asara ce ga sufurin ruwa.