Filin Tambaya da Amsa: Wane taki ya dace da bulubari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ya kawo mini dashen bulubari uku, na sa su a tukwane a tsakar gida. Ina zuba musu kamfa da kashin kaji kamar yadda nake yi wa tumatir, amma sabon ganye sai ya fito rawaya, jijiyoyinsa kaɗai ne kore, ga bakin ganyen yana ƙonewa. Ina matsalar take?
Maman Sadiya, Hotoro, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah a dakatar da kashin kajin nan yau, toka ma kada ta kusance su.

Bulubari, ɗan itace mai ƙananan 'ya'ya shuɗaye da ake ci, wanda asalinsa na Arewacin Amurka ne, sai a ƙasa mai tsami yake jin daɗi, wadda ma'aunin tsaminta, wato pH, ke tsakanin 4.5 da 5.5. Da zarar tsamin ya ragu, saiwarsa ba ta iya jan sinadarin ƙarfe ko da yana nan cikin ƙasar, shi ne rawayan da kike gani. Kashin kaji da toka rage tsami suke yi.

Sai maganar naitirojin, sinadarin taki mai sa tsiro girma, wadda ita ce ta fi damuna, domin a nan masu lambu da yawa ke asarar dashensu. Naitirojin iri biyu tsiro ke sha, amoniyam da naitiret. Tumatir na shan naitiret ba matsala, shi kuwa bulubari bai iya sarrafa shi sosai ba, amoniyam ya fi so. Don haka ki nemi takin amoniyam salfet mai naitirojin kashi 21 cikin ɗari, yana ciyarwa yana kuma ƙara tsamin ƙasa. Idan pH ya sauko ƙasa da 5, wato tsamin ya ƙaru, sai a koma takin yuriya mai naitirojin kashi 46. Kamfa kuma yawanci tana ɗauke da kulorayid, wani sinadarin gishiri, ina zaton ita ke ƙone bakin ganyen.

A rage hannu, Hajiya. Saiwarsa sirara ce, a sama-sama take, gishirin taki na saurin ƙone ta. Rabin ƙaramin cokali a narke cikin bokitin ruwa ya isa. In taki ya yi yawa, reshe da ganye za su yi ta fita, 'ya'ya su ragu, nunarsu ta yi jinkiri.

Ki kai ƙasar tukunyar da ruwan rijiyarku Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Bayero a auna, ki kuma tari ruwan sama idan damina ta sauka. Sannan ki tambayi ɗanki irin da ya kawo. Wasu sai sun sha dogon hunturu suke fure, sanyin Kano ba zai ishe su ba. Irin da aka samar a Jami'ar Fulorida ta Amurka ne ba su buƙatar sanyi mai yawa. A bazara ki janye tukwanen zuwa inuwa kafin azahar.