Amsar Gwaggo a kan ɗaukar nauyin matar da yaƙi ya ɗaiɗaita

Ɗiyata, bayan gaisuwa da yi miki barka da arziki, na karanta saƙonki har sau biyu. Kin ce tun da Allah Ya sauke ki lafiya bayan doguwar naƙudar da ta kai ga tiyata, zuciyarki ta karkata ga ɗaukar nauyin wata mace har shekara guda a ƙasar da ake yaƙi, amma wasu cikin dangi sun ce ba haka aka gada ba, wai sadakar godiya ba ta tsallake gida. Shi ne kike tambaya ko kin kauce hanya.

Ba ki kauce ba. Fitar da dukiya don godiya abu ne mai asali. Ranar da aka karɓi tubar Ka'abu ɗan Malik, bayan an ƙaurace masa kwana 50 saboda rashin fita yaƙin Tabuka, tufafin jikinsa ya tuɓe ya bai wa wanda ya kawo masa albishir, sannan ya nemi ya sadaukar da dukiyarsa baki ɗaya, sai Manzon Allah (SAW) ya ce ya riƙe wani abu, ya kuwa riƙe rabonsa na Haibar.

Masu cewa a fara da gida suna da hujja, domin lokacin da Abu Ɗalha ya ba da gonarsa ta Bairuha, cikin danginsa aka umarce shi ya raba ta. Saboda haka ki fara dubawa: idan akwai ɗan'uwanki da ke kwana da yunwa, shi ne a gaba. Idan babu, to hadisin da ya kwatanta mai ɗawainiya da matar da ta rasa miji da mai jihadi bai ambaci ƙasa ko ƙabila ba.

Wannan tsari ma ba sabo ba ne. A 1993, ana tsakiyar yaƙin Bosniya, Zainab Salbi, 'yar asalin Iraƙi, ta kafa ƙungiyar Women for Women International domin haɗa mace mai hali da wadda yaƙi ya raba da komai. Bayan shekara biyu aka kashe maza da samari sama da 8,000 a garin Srebrenica na Bosniya, aka bar mata da marayu. Daga baya aikin ƙungiyar ya kai Ruwanda, Afganistan, Kwango da Sudan ta Kudu. Matar takan yi wata 12 tana koyon sana'a da tattalin kuɗi da kiwon lafiya tare da wasu mata, ana ba ta ɗan abin hannu duk wata, kuma akan yi musayar wasiƙa tsakaninta da mai ɗaukar nauyinta.

A kan wasiƙar nan nake so ki natsu, don nan ne zuciya kan yi wa mutum sata. Za ta iya makara, za ta iya zuwa layi uku kacal da wani ya rubuta mata, watakila ma ba za ta zo ba. Kada ranki ya sosu. Ke ce mai bashin godiya, kuma Allah ne ke bin ki, ba ke kike bin matar nan ba. Kada ki saka hotonta a Facebook, kada kuma ki cika takardarki da labarin jin daɗinki; ki tambaye ta sunayen 'ya'yanta da yadda sana'ar ke tafiya. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta ja kunne a kan ɓata sadaka da gori.

Abu guda ba ki faɗa mini ba: shin a kan gadon asibiti kin yi bakance da bakinki? Idan kin yi, cikawa ta zama wajibi. Ko ba ki yi ba, ki lissafa wata 12 cif kafin ki sa hannu, ki kuma shawarci maigidanki. Ni na taɓa ɗaukar karatun wata marainiya cikin zumuɗi, hannuna ya gaza a zango na biyu, kuma har yau ina ganin fuskarta ranar da ta zo ƙofata rungume da littattafanta, na rasa abin da zan ce mata. Idan kin gama lissafin ki sanar da ni, in kuma ya yi miki nauyi, wata biyu a kaina.

Ki shafa mini kan jaririyar.