Tambaya da Amsa: Shaidar mallakar domen ɗin kamfani

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfanin hidimar masu Umara a Shara Mansur, Makka, da ma'aikata 14. Na sayi wayoyin iPhone na aiki, na yi rajista a Apple Business Manager don kowane ma'aikaci ya samu asusu da sunan kamfani. Sai aka ce sai na tabbatar da domen tukuna. Ai ni nake biyan kuɗinsa duk shekara, wace shaida kuma ake nema? Daga Alhaji, Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Apple ba ya duba rasit. Domen shi ne sunan da ke bayan alamar @ a imel ɗinka, misali sunankamfani.com.sa, kuma a wurin Apple mai domen shi ne wanda ke iya rubutu a cikin bayanan DNS ɗinsa, wato kundin da ke nuna wa intanet inda shafi da imel na domen suke. Don haka za su ba ka wani layi na musamman, ka saka shi can, su leƙa su gan shi. Idan sun gani, shaida ta cika.

Shiga saitunan Apple Business Manager da asusun mai kula, ka ƙara domen ɗin, ka danna wurin tabbatarwa. Layi zai fito wanda ya fara da apple-domain-verification= sannan wasu haruffa da lambobi. Kwafe shi za ka yi, kada ka buga da hannu, domin sifiri da harafin O kama suke yi wa ido. Daga nan ka shiga shafin kamfanin da ke riƙe da DNS ɗinka, ka ƙara sabon rikodi nau'in TXT. A gurbin suna ka sa @, wasu kamfanonin kuma so suke a bar shi fanko. A gurbin ƙima ka liƙa layin. TTL, wato tsawon lokacin da sauran sabobi ke riƙe rikodin kafin su sake dubawa, a bar shi daƙiƙa 3600, wato awa guda. Sai ka koma wurin Apple ka danna a duba. Kwana 14 suke bayarwa, idan ya wuce sai an karɓi sabon layi.

Google Workspace da Microsoft 365 ma haka suke yi, farkon layin ne kawai ya bambanta: na Google google-site-verification=, na Microsoft MS=ms da lambobi.

Kafin ka fara, tambayi yaranka ko akwai wanda ya taɓa buɗe asusun Apple na kansa da imel ɗin kamfani. Irin wannan asusun karo yake yi da na aiki, kuma ranar da kamfani ya karɓe domen ɗin dole mai shi ya sauya imel ɗin asusun ko ya miƙa asusun ga kamfani, in ba haka ba Apple ya sauya masa suna. Hotunansa da manhajojin da ya saya duk suna can ciki, gara ya sani da wuri.

Tambaya: Malam, na saka layin Google yau kwana 4, har yanzu cewa ake ba a gani ba. Abin da ya fi damu na, tun ranar saƙonnin da muke aika wa masu sayen turare da abaya suna faɗawa akwatin shara. Daga Hajiya, Jidda.

Amsa: Hajiya, matsala biyu ce, kuma ta biyun ta fi gaggawa. Da alama maimakon a ƙara sabon rikodi, an goge tsohon TXT da aka tarar aka liƙa na Google a kansa. Wancan tsohon, mai farawa da v=spf1, shi ke gaya wa duniya sabobin da aka yarda su aika imel da sunanki. Da ya ɓace, sai saƙonninki suka zama abin zargi. Nemi kamfanin da ke ɗauke da imel ɗinki ya ba ki layin, ki mayar da shi. Domen ɗaya na iya ɗaukar rikodin TXT da yawa ba tare da rigima ba, amma mai v=spf1 guda ɗaya tak ake so.

Game da jira kuwa, Google na cewa abin na iya kaiwa awa 72, sai dai galibi bai kai awa ɗaya ba. Kwana 4 kam akwai kuskure a wani wuri. In layin ya sauka inda ya dace, duba gurbin suna: wasu shafukan suna ƙara domen da kansu, to idan kin rubuta shi cikakke sai ya fito sau biyu a jere, Google ya je ƙofar gida bai tarar da kowa ba. Duba kuma ko wani fili ko alamar zance ta biyo layin wajen kwafa.

Akwai kuma wanda ya fi cin mutane: a sayi domen a wani kamfani, amma sabobin suna (NS), masu riƙe da DNS ɗin, suna nuni zuwa wani kamfani, kamar Cloudflare. Duk abin da aka rubuta a shafin na farko aikin banza ne. A kwamfuta, buɗe tagar umarni ki rubuta nslookup -type=NS da sunan domen, za ki ga inda DNS ɗin yake. Sauya NS da TXT, za ki ga abin da Google ke gani. Bayan an tabbatar, ki bar layin a wurinsa.

Tambaya: Yaron da ya gina mana shafi shi ya yi rajistar domen da imel ɗinsa, yanzu ya yi huruj niha'i, wato ya bar Saudiyya gaba ɗaya, ya koma gida. Ina mafita? Daga wani ɗan'uwa, Madina.

Amsa: Ɗan'uwa, in kun yi rabuwar arziki, kira shi ya sauya sunan mai rajista da imel zuwa na kamfani, ko ya ba ka lambar canja wuri. Kalmar sirri kaɗai ba ta wadatar, domin duk saƙon sabuntawa shi zai riƙa samu. Idan .com ne, ka sani ba a matsar da shi zuwa wani kamfanin rajista cikin kwana 60 na farko bayan rajista ko bayan wani canjin wuri. Idan .com.sa ne, yana ƙarƙashin SaudiNIC, cibiyar da ke kula da domen na Saudiyya, kuma akan ba da shi ne bisa takardun kasuwanci, don haka ɗauki sijil tijari naka, wato takardar rajistar kasuwanci, ka tuntuɓi kamfanin rajistar, su duba sunan wa ke rubuce.