Anko dole ne? Amsar Goggo ga 'yarta

'Yata, saƙonki ya iso, kuma na ji daɗi da kika tambaya kafin ki taɓa kuɗin. Kin ce ƙawayenki uku za su yi aure tsakanin ƙaramar Sallah da babba, kowacce ta fitar da anko, wata ma kala biyu, na kamu daban na walima daban. Kina shawarar zuba kwasar adashinki a ciki, don an ce miki al'ada ce, wadda ba ta yi ba ta yanke zumunci.

Wanda ya faɗa miki haka bai san al'adar ba. Anko baƙo ne a wurinmu, daga kudu ya shigo, a wajen Yarbawa aka gani aka ara. Ba na zaginsa, yana ƙawata taro. Amma iyayenmu sun yi aure sun yi suna, kowacce da zanen da ta ciro daga adakarta, ba a taɓa cewa wata ta ci amanar ƙawance ba. Abin da al'ada ta ɗora miki shi ne ki je da ƙafarki, ki kama aiki, ki kai gudummawa. Zumunci a ƙafa yake.

Ita gudummawar ma tana da ƙa'ida. A da, idan ƙawar bikinki ta kawo miki sule biyu ranar sunan ɗanki, ranar nata sai ki kai huɗu, ita kuma ta dawo da takwas. Kowa na riƙe da lissafi a ka, ko a sa yaro ya rubuta. In abin ya yi nauyi, ɗaya ta mayar da daidai abin da aka kawo mata, a koma ƙasa a sake farawa, ba gaba ba ƙullaci. Kuɗin da kika kai yana nan, zai dawo ranar da hidima ta same ki. Leshin anko fa, wa zai mayar miki da shi? Sau ɗaya za ki sa, a ɗauki hoto, ki ninke.

Nan ne nake so ki tsaya ki fahimce ni, don 'yan zamaninku suna cewa ai mu ma mun yi saye-saye, ga jeren kwanuka har rufin ɗaki. Gaskiya ne mun jera. Kakanninki ƙore suka jera, aka zo tasoshi, aka zo langa da samira da fanteka. Sai dai kowane kwano a jeren nan ajiya ne. Ranar da ciwo ya zo, ko aurar da 'ya ya taso, a sauke kaɗan a ba dillaliya ta kai gidaje, kuɗi ya fito. Haka sarƙa da 'yan kunnen gwal. Haka tunkiya ko akuya da ake ba dangi a ƙauye su yi kiwo. Mace tana cikin kulle, ba ta taka kasuwa, amma tana da ƙuli-ƙuli ko fura ko ɗinkin hula, tana da asusu a ƙarƙashin gado, tana zubi wurin uwar adashi. Kuma dukiyarta tata ce. Addini ya ba ta sadakinta da gadonta, ci da sha da sutura kuma suna wuyan miji. Shi ya sa za ki ga tsohuwa ta sayi fili ko ta biya kujerar Makka da cinikin ƙosai, mutane suna mamaki.

Adashi kuwa ba don kwalliya aka ƙirƙire shi ba. Dabara ce ta tilasta wa kai haƙuri, har kuɗi ya taru ya isa yin abu mai tsoka: jari, keken ɗinki, injin markaɗe, kayan ɗakin 'ya. Idan kika kwasa kika kai Kantin Kwari, za ki shafe sauran watannin kina zubi a kan abin da ya riga ya ƙare. Wannan bashi ne, ko da ba a kira shi bashi ba.

Na san jarabawarku ta fi tamu. Mu dillaliya sai ta yi sallama ta kwance ƙunshi, in ba ki da shi ki ce Allah ya kawo kasuwa. Ke kuwa tana cikin wayarki dare da rana, a WhatsApp da Instagram, ga "biya kaɗan-kaɗan", ga tura kuɗi da yatsa ɗaya ba tare da kin ji zafin ƙirga su ba. Don haka ki yi wa kanki shinge. Ranar da albashi ya shigo, ki fara cire na adashi da na ajiya, ki kai su inda hannunki ba zai kai da sauƙi ba. Abin da kika gani ya ba ki sha'awa, ki bar shi ya kwana uku. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta duk abin da ya fita, har katin waya. Kada kuma ki haɗa kuɗin cefane da naki, ko riba da uwar kuɗi in kin fara sana'a.

Amma kada ki tara takardun kuɗi ki rufe kamar yadda muka yi. Na ga canjin kuɗi na 1973 da aka bar fam aka koma naira, na ga na 1984, na ga wahalar farkon 2023 da mata suka fasa asusu suna neman inda za su shigar da tsofaffin kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma, abin da dubu goma take saya bana ba shi take saya baɗi ba. In ya taru, ki mayar da shi gwal ko dabba ko hatsi lokacin kaka. In banki kike so kuma kina gudun kuɗin ruwa, akwai irin su Jaiz.

Game da bukukuwan nan, zaɓi ɗaya, ta wadda ta fi kusa da ke, ki yi anko kala ɗaya daga albashinki. Sauran biyun ki kira su tun yanzu, ba ta saƙo ba, ki ce ba za ki samu yin anko ba amma za ki zo tun ranar sa lalle, ga kuma gudummawarki. Ki sanar da maigidanki abin da kika yanke, don kada maganar ta iso masa ta bakin wasu. Ki gaishe shi, ki shafa min kan yaran.