Amsa: Me ya sa mutanenmu ke cunkushewa a Agege da Mile 12?

Malam, ka tambaya me ya sa ɗan Arewa in ya sauka Legas yake nufar Agege, Mile 12, Idi-Araba ko Obalende, kuma ko gwamnati ta san yawanmu.

Masana zamantakewa suna cewa mutum ba ya ƙaura shi kaɗai, sawun wani yake bi. Yaro ya taso daga Funtuwa a bayan motar tumatir, a aljihunsa lambar wayar ɗan garinsu ce kawai. Ya sauka da asuba, a ba shi tabarma a rumfa, washegari a ɗora masa kwando. Maigida ne ke tsaya masa a wajen aiki da bashi, in rigima ta taso a je wurin Sarkin Hausawa. Masanin zamantakewa Abner Cohen ya ga irin wannan tsarin a Sabo, unguwar Hausawa a Ibadan, a cinikin shanu da goro. A Agege ma goro da layin dogo ne suka zaunar da kakanninmu.

Batun yawa kuwa, ƙidayar 2006 ba ta tambayi ƙabila ko addini ba. Ta ba Legas kusan miliyan 9.1, gwamnatin jihar ta ce ita miliyan 17.5 ta ƙirga. Ɗan cin rani da ke komawa gona da damina fa, a ina za a rubuta shi? A ganina shi ya sa da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022, lissafin cunkoso da haɗurra aka yi, ba na masu kwana a rumfa ba.